Tafiyar Fanshon Kawu

Ranar da aka binne Kawu, yayan mahaifiyata, rumfa biyu aka kafa a ƙofar gidansa a Zuru, amma kafin azahar mutane sun cakuɗe, ba ka iya cewa ga ta 'yan coci ga ta 'yan masallaci. Haka gidanmu yake tun asali. Kawu Kirista ne, Inna ƙanwarsa ta musulunta lokacin da ta auri mahaifina, kuma ba a taɓa raba mana tukunya ba. Dangi sun zo daga Dabai da Mahuta da dawa ɗaure a bayan babura. Tsofaffin sojoji suka iso a jere, kowa da sandarsa, wasu sun maƙala lambobinsu a kan riguna da suka koɗe.

Duk wanda ya zauna sai ya faɗi abin da ya sani. Matan unguwa suka ce yanzu babu mai raba musu faɗa a bakin famfo. Fasto ya ce bai taɓa riga shi isa coci ba ko sau ɗaya. Limamin unguwarmu ya ce in azumi ya kama, geron Kawu ne yake fara shigowa gidansa. Inna ba ta iya jera magana ba, sai dai ta girgiza kai ta ce, "Yaya ke nan. Yaya ke nan."

Can sai wani tsoho, abokin aikinsa a soja, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wanga mutum dutse ne," in ji shi. "Tare muka yi golmo, shekara bakwai muna yi wa surukai noma kafin a ba mu mata. Kututture ya tsaga masa ƙafa, bai ce wash ba, ya ƙarasa kunyarsa. Tare muka je yaƙi. Cikinmu da muka dawo, wani giya ta tafi da shi, wani yana bin titi yana fareti shi kaɗai. Shi fa? Ko ƙwayar ciwon kai ban taɓa ganin ya haɗiya ba. Amma yaran yanzu, su ji harbi biyu sai su ce barci ya gagare su."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na dubi Kofur, ɗan Kawu namiji tilo, wanda shi ma soja ne. Yana zaune a gefen rumfa, bayansa jikin bango, idanu jajur, ya matse hannayensa tsakanin gwiwoyi don kada a ga suna rawa. Ya fi kowa gyaɗa kai.

Na san maganar tsohon ba haka take ba. Kuma na san in Kofur ya ci gaba da yarda da ita, za ta iya kai shi inda muka kai ubansa da safiyar nan. Amma Kawu ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba.

Bari in fara da mutumin da kowa ya sani. Dogo ne, siriri, ba ya tafiya a hankali ko da babu inda za shi. A sashen sigina ya yi aikin soja, wato masu isar da saƙo ta waya, shi ya sa ba ya son magana mai tsawo. In ka zo kana kewaye-kewaye sai ya ce, "Saƙo, ɗana, saƙo. Bar gaisuwar layi." In ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin yake nufi, kuma ya sha tafiya ya bar mai biki yana neman hularsa. Yana da wata batta ta ƙarfe a aljihun ƙirji wadda kowa ya ɗauka garin taba ne a ciki. Tsofaffi sun sha miƙa hannu ya sam musu, ya ce, "Tawa ba ta yi wa hancin kowa." Har kirarin rowa aka yi masa a kanta, yana ji yana dariya.

Sannan duk bayan wata biyu yakan goge kaftani, ya ɗauki 'yar jaka ya nufi tasha, ya ce ana tantance 'yan fansho. Mama, matarsa, takan ce, "Fanshon nan naka ko sarauta ce, kullum ana tantancewa?" Shi kuma ya ce, "Gwamnati tana son ta tabbata ban mutu ba. Ke ma ai kina dubawa kowace safiya."

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ribah, har shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu. Mun bar dawa a tsaye ta kusa yanka, shanun huɗata biyu suka tafi. Na kawo iyalina Zuru, muka kama ɗaki kusa da gidan Kawu, na fara kabu-kabu da babur. Babu inda yake mini ciwo a jiki. Amma abinci ya zama kamar ƙasa a bakina. Barci ya ɗauke, in ya zo ma ba ya daɗewa, sai in farka gabana yana faɗuwa ba tare da na san dalili ba. Ina zaune a kan babur a mahaɗar hanya, fasinja yana kirana ban ji ba. Yarana in suna wasa sai in ji kamar 'ya'yan wasu ne. An yi mini addu'a, na sha rubutu, Inna ta kawo turare ta ce iska ce.

A wajenmu magani kamar goro yake. Wanda yake da shi yana miƙa wa na kusa, kuma hana shi abin kunya ne. Wani abokin sana'ata ya ba ni wata 'yar ƙwaya rawaya, ya ce in sha in kwanta. Na sha, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, na ce lallai na sami waraka. Bayan 'yan makonni ɗaya ta daina isata, na koma biyu. In ban sha ba jikina ya hau rawa. Wata rana da rana tsaka na yi gyangyaɗi a kan hanya, muka faɗi da wata mata da kwandon tumatir ɗinta. Allah ya tsare, ƙurjewa kawai ta yi, amma labari ya kai kunnen Kawu.

Washegari ya zo, bai ko zauna ba.

"Jibi za ka raka ni fansho."

"Kawu, ni mi na sani a harkar fansho?"

"Riƙon jaka. Ƙarfe shida."

Mun yi tafiya mai nisa a mota. Da muka sauka, ba ofis muka nufa ba. Ƙofar wani asibiti muka tsaya, irin wanda in ana son zagin mutum ake cewa can ya kamata a kai shi. Na ja baya. Kawu kuwa ya shige kamar gidansa, mai gadi yana ce masa, "Baba, an iso lafiya?" Ya zauna a kan benci cikin layi, ya ciro battar nan, ya buɗe ya nuna mini. Babu taba. Ƙananan ƙwayoyi ne farare.

"Shekara ashirin da ɗoriya," ya ce. "Ina cikin kaki ban ji komai ba. Sai da na ajiye aiki na dawo gida, wuri ya yi shiru, sannan duk abin da na gani ya biyo ni. Akwai ranar da na tafi gona da igiya, kuma ba akuya zan ɗaure ba. Wani da muka yi aiki tare, mai jinyar sojoji, shi ya kawo ni nan. To ka ji saƙo. Rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

Likita ya daɗe yana yi mini tambayoyi. Ya ce abin da ke damuna ciwo ne sananne, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ya ce kada in yar da rawayar nan lokaci ɗaya, ya tsara mini yadda zan riƙa rage ta kaɗan-kaɗan. Ya ba ni wata daban, fara, da zan riƙa sha kullum, ya ce za ta ɗauki makonni kafin in ji aikinta. Na ce to, amma hankalina ba ya wurin.

Mu da maganin zazzaɓi muke auna kowane magani: kwana uku, in bai yi ba a canza. Na ba wannan kwana biyar saboda girman Kawu. Abin da na samu kawai bushewar baki da tashin zuciya da jiri. Sai maƙwabcina ya ce matarsa ba ta barci tun da ta yi ɓari, na ɗauki sauran na ba shi, ina ganin na yi zumunci.

Ban taɓa ganin fushin Kawu irin na ranar ba. Da ƙafarsa ya je gidan maƙwabcin ya karɓo maganin, ya ce a kai matar asibitin gari a duba ta. Ya dawo ya same ni a tsakar gida.

"Ka san ko tana da wani cikin? Ka san abin da take sha? Kai ne likita yanzu, mai babur?"

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. "Ka kai ni gidan mahaukata an ba ni alli. Gara rawayar, ita ko banza tana aiki."

 "Wato ni ne mahaukacin," ya ce, ya juya ya fita.

Kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. A na uku ya ce in kai shi gonarsa ta kan tudu a Dabai. Gonakin can a jikin dutse suke, kakanninmu sun jera duwatsu layi-layi don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Wani layi ya rushe, ya sa ni ɗauko duwatsu yana jerawa. Sai da gumi ya jiƙa ni sannan ya fara magana, yana aiki bai dube ni ba.

"Na yi ta tambayar ma'aikatan can har suka gaji da ni, ga abin da na fahimta. Kan mutum bariki ne. Jijiyoyi ne cike a ciki, suna aika wa juna saƙo dare da rana, kuma akwai wasu sinadarai da suke ɗaukar saƙon daga wannan zuwa waccan, kamar masinja. Akwai mai gadi a ƙofa, aikinsa in ya ga haɗari ya busa usur. Kai da ni mai gadinmu ya ga abin da ya firgita shi, yanzu ko akuya ta gifta sai ya busa. Ka gane?"

"Na gane."

"Rawayar nan taka umarni ne a yi shiru, bariki duka. Nan take kowa ya lafa. Shi ya sa take da daɗi, kuma tana da ranarta, likita yakan ba da ita na 'yan kwanaki in abu ya yi tsanani. Amma ba mai gadi kaɗai take kwantarwa ba. Har direba, shi ya sa ka zubar wa mutane tumatir. Har mai kula da numfashi, in ka haɗa ta da burukutu. Kuma bariki yana sabawa da ita, yau tsawa ɗaya, gobe sai an yi biyu. Ranar da ka ɗauke ta gaba ɗaya kowa ya tashi da ihu a lokaci guda, wani har faɗuwa yake yana shure-shure."

"Ita farar fa? Ni ban ga abin da ta yi ba."

"Ita ba ta tsawa. Sun ce masinjan nan, in ya kawo saƙo, akan janye shi da wuri. Ita tana sa ya ɗan daɗe a wurin, saƙo ya isa sosai. A hankali layukan suke gyaruwa, mai gadi ya koyi bambanta akuya da abokin gaba. Su kansu likitocin sun ce ba su gama sanin duk yadda abin yake ba, kuma wadda ta yi wa wani ba lallai ta yi wa wani ba, sai a canza. Jirin nan da tashin zuciya yawanci na farko ne, suna raguwa. In ba su ragu ba ka koma ka faɗa, ba ka kai wa matar maƙwabci ba."

Ya ɗora wani dutse ya danna shi da ƙafa.

"Dutse nawa muka jera yau? Dawa ta fito?"

"Kawu, ai rani ne."

"To. Wanda ya zo yau zai ce tsoho da wawan ɗansa suna wasa da duwatsu. Sai ruwa ya sauka za a ga ƙasa ta tsaya. Ka ba maganin sati shida. Kuma kada ka kwanta kana jiransa. Magani ba ya yi wa mutum noma, fartanya kawai yake miƙa masa. Ka fito da safe, ka yi sallarka cikin mutane, ka zo nan ka ɗauki dutse, ka faɗa mini abin da ka gani a ƙauyenku. Ni ba na tsegumi, ba ni da lokaci."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Na koma kan magani. Ban san ranar da abin ya fara sauƙi ba. Cikin sati na biyar ne matata ta ce, "Ka san jiya ka nemi ƙarin miya?" Bayan shekara guda da wani abu likita ya riƙa rage mini har na daina. Na tambayi Kawu me ya sa shi bai daina ba. Ya ce ya gwada sau biyu da sanin likita, abin yana dawowa. "Wani bango gyara ake masa, wani tokara. Ni na tokara ne, kuma ga ni tsaye."

Da idanunsa suka fara yana, aka ƙara masa maganin hawan jini, shi ma fari, sai ya kasa bambanta su. Mai ba da magani yakan rubuta masa bayani da Hausa a jikin 'yar takarda, amma ba ya gani, ni kuma ban iya karatu ba. Na ce ya ba Mama ta duba masa, ai ta yi makaranta. Ya ce a'a, ni zan shiga ajin yaƙi da jahilci. Haka na fara zuwa bayan la'asar, ina zama a bencin yara gwiwoyina suna taɓa tebur. Abin da na fara karantawa da kaina a duniya shi ne "ɗaya da safe". Duk ranar Lahadi in ya dawo coci nakan ware masa na sati in zuba a batta.

A irin wannan zaman ne ya sa na yi alkawari.

"Ko bayan raina," ya ce. "Ina da jikoki mata, za a zo neman aurensu, za a yi tambaya. A garin nan an yarda soja ya dawo ba ƙafa. Ba a yarda ya dawo da kuka ba."

Na ce na yi. A lokacin ban ga wanda shirun zai cuta ba.

Bara Kofur ya dawo daga daji da rauni a kafaɗa, aka ba shi dogon hutu. Ni da shi taubasai ne, tun muna yara kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, amma wannan karon na tsokane shi ya dube ni kamar bai san ni ba. Ba ya zama sai bayansa na jikin bango. Taya ta fashe a bakin titi, sai ga shi kwance a ƙasa yana laluben bindigar da babu. Matarsa ta fara tura yara gidan Inna in ya shigo. Na ga duk alamun, Kawu ma ya gani duk da yanar idonsa.

Na ce, "Kawu, ka kai shi fansho."

Ya ce zai yi masa magana. Ina wurin ranar da ya gwada. Suna zaune a gindin mangwaro, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Kofur, kana samun barci?"

"Ina samu, Baba."

"Ba wata damuwa?"

"Babu, Baba. Ai ɗanka ne ni."

"To madalla."

Shi ke nan. Da na raka shi ciki ya ce, "Na iya ɗaukar ɗan ƙanwata, nawa ya yi mini nauyi. Ka ga yadda yake kallona? Kamar tuta. Ya zan ce masa tuta tana shan ƙwaya?" Ya ce a bari a gama girbi. Wannan ne kuskuren Kawu, kuma ba zan ɓoye shi don ya mutu ba. Mutumin da bai taɓa makara a komai ba, a nan ya makara.

Ana cikin roron wake ya faɗi a gona. Kwana biyu ya yi a asibiti, baki ya riƙe. Da na matsa kusa ya lalubi aljihunsa da hannun da yake motsi, ya tura mini battar cikin tafina, yana ta ƙoƙarin magana. Har yau ban san ko cewa yake in ɓoye ba, ko in nuna.

Kwana huɗu bayan jana'iza mai kemis na bakin kasuwa ya tsayar da ni. Mutumin kudu ne, ya daɗe a Zuru, yaransa duk a nan aka haife su.

"Oga, zo mana. Wannan ɗan'uwa naka soja, ni na hana shi rawaya, na ce sai da takardar likita. Ya zage ni, ba komai. Amma yanzu yana saya a tasha wurin masu talla, kuma na gan shi yana kora ta da burukutu. Ni na san wannan abu. Wata rana zai kwanta, ba tashi. Ku yi wani abu, Baba mutumin kirki ne."

Na kwana biyu ina juya maganar. Amana ba ƙaramin abu ba ce, balle ta mamaci da ba zai iya cewa na yafe ba. Daga ƙarshe na shiga wurin Mama, tana zaune a tabarmar makoki. Na fara kame-kame a kan wata jaka da Kawu yake tafiya da ita.

"Tana ƙarƙashin akwatin lambobinsa," ta ce. "Katunan asibitin suna ciki."

Na ɗago kai na dube ta.

"Kana tsammani mace za ta wanke rigar mutum shekara arba'in ba ta san abin da ke aljihunsa ba? Ya so in ɗauka fansho ne, na ɗauka masa. Da wannan fanshon na samu mijina ya dawo." Ta share ido da gefen zane. "Ni in na faɗa wa yaron nan, zai ce tausayin uwa ne. Kai da ka taɓa zuwa can tare da uban, kai zai yarda da kai. Na binne ɗaya, ɗana. Ba zan iya na biyu ba."

Da safe na sami Kofur a bayan gida yana zaune a kan turmi. Na miƙa masa katunan, ɗaure da roba, wasu sun yi ja don tsufa. Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ya ga sunan ubansa, ya ga sunan asibitin, ya ga hatimi bayan hatimi. Sai ya miƙe ya ci kwalata.

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kake ɓata masa suna? Kai wane ne?"

Ban ƙwace ba. Na ce, "Ni ne wanda Kawu ya kai can da hannunsa, shekarar da na faɗi da babur. Ni ma na sha, ga ni." Na ciro battar na buɗe masa, da sauran na satin da Kawu bai ƙarasa ba. Na faɗa masa maganar igiya. Na faɗa masa maganar tuta. Na ce kada ya yar da rawayar da kansa, akwai yadda ake sauka daga kanta, kuma can suka san shi.

Ya sake ni. Ya kwashi katunan ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Kwana uku in mun haɗu sai ya kau da kai, ni kuma ban ƙara cewa komai ba, don na san ba a jan irin wannan da igiya. Ranar Laraba da yamma ina wanke babur sai na ga inuwarsa a kaina.

"Ƙarfe nawa motar farko take tashi?"

"Shida."

Washegari muka kama hanya. A ƙofar asibitin ya tsaya daidai inda na taɓa tsayawa, ya daɗe yana karanta allon. Muka shiga. Layin ya cika, akwai mata da goyo, akwai wani malamin makaranta, akwai samari biyu masu askin soja da suka sunkuyar da kai da suka gan shi. Muna neman wurin zama sai ga wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace, wadda ta fi kowa sabawa da Kawu. Ta gan ni ta yi murmushi, ta duba bayana.

"Ina Baba? Ya wuce ranarsa, ba halinsa ba ne."

Na faɗa mata. Ta ajiye takardun hannunta a kan tebur. Ta ce duk wanda ya zo sabo yana jin kunya, kusa da shi Baba yake zama, ya yi ta ba shi labarin bariki har a kira shi. Sannan ta dubi Kofur, ta dubi tsawonsa da goshinsa.

"Kai ɗansa ne? Ka zo sanar da mu?"

Duk layin ana jinsu.  Zai iya cewa e, mu juya mu koma tasha, babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Sai ya haɗe ƙafafunsa, ya miƙe sosai, hannayensa suna rawa a gefe bai ɓoye su ba.

"Ni ɗansa ne," ya ce. "Kati na zo a buɗe mini."

Kofur da Mama ne suka ce in rubuta wannan, don a san mutumin da muka rasa yadda yake. Kawu, na karya maka alkawari, kuma in an sake maimaitawa zan sake karyawa. Allah ya yafe mini, ya yafe maka jinkirinka, ya sa ka sami hutun da ka daɗe kana nema wa wasu.